Zirga-zirga a Ƙasar Wasu: Abin da Ya Kamata Matafiyin Gobir Ya Sani Kafin Ya Sa Ƙafa a Mota



Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da hakimai, malamanmu masu daraja, shugabannin wannan ƙungiya tamu mai albarka, iyayenmu mata, matasa manyan gobe, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga nesa da kusa, muna yi muku barka da zuwa. Muna godiya ga kwamitin shirya taron bana da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da babu gidan da bai shafa ba a ƙasar Isa da Sabon Birni, wato yadda mutum zai yi zirga-zirga a ƙasar da ba tasa ba, a mota ko a bas, a jirgin ƙasa ko na sama, ya je lafiya ya komo lafiya, da mutuncinsa da dukiyarsa.

Mu mutanen bakin iyaka ne

Kafin mu shiga gundarin magana, yana da kyau mu tuna inda muka fito. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 Gobirawa suka watsu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Sa'ad da Turawan Ingila da na Faransa suka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai layin ya ratsa tsakiyar zuriya guda, wa ya faɗa ƙasar Faransa, ƙane ya faɗa ta Ingilishi. Shi kuwa Gulbin Maraɗi bai san da wannan rabo ba, domin daga Nijeriya yake fita, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, ya sake komowa ya zuba a Rima. Haka mutanenmu suke bin sawunsa, don biki da ta'aziyya da cin kasuwa.

Wannan kusanci alheri ne, amma a cikinsa akwai tarko. Saboda harshe ɗaya ne, abinci ɗaya, dangi ɗaya, da yawa daga cikinmu ba su ɗaukar Nijar a matsayin ƙasar waje. Jandarman da zai tsayar da mota a hanyar Madawa kuwa, ko da Bagobiri ne mai tsagar gado a fuska, da dokar Jamhuriyar Nijar yake aiki, kuma takarda zai tambaya. Zumunta tana buɗe ƙofar gida, amma ba ta ɗaga sandar shinge.

Bugu da ƙari, halin rashin tsaro ya mayar da wannan magana ta gaggawa. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙone a cikin mota kusa da Gidan Bawa ba a watan Disamba na 2021, mutum sama da ashirin. Ba mu manta da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato a watan Yuli na 2024, aka kuma kashe shi a watan Agusta. Allah Ya jiƙansu da rahama. Tun daga 2019 dubban 'yan'uwanmu suka tsallaka suka nemi mafaka a jihar Maraɗi, wasu kuma da hanya ta ƙi biyuwa suka riƙa zagayawa ta cikin Nijar, su ɓulla ta Ƙonni da Illela kafin su isa Sakkwato. Ashe kenan sanin dokar hanya a ƙasar maƙwabta ya zama wajibi har ga wanda bai taɓa niyyar fita ƙasar waje ba.

Takarda kafin guzuri

Magabata sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a sha'anin iyaka tsohon labari cutarwa yake yi. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A kan wannan muka girma. Amma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Sannan a ranar 29 ga Janairu, 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Duk da cewa ƙungiyar ta nemi a ci gaba da barin jama'a su yi zirga-zirga, a watan Fabrairu na shekarar an ji koke-koken matafiya da aka mayar daga shingayen Nijar, aka ce sai sun nuna fasfo na ƙasa da ƙasa.

Darasin da ke ciki a fili yake. Wanda zai wuce ƙauyukan bakin iyaka ya nufi Tawa ko Yamai ko Damagaram, ya riƙi fasfo mai sauran wa'adi, da katin shaidar ɗan ƙasa, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. Ya shiga ta ƙofar da hukuma ta sani, kamar Illela ko Jibiya, a buga masa hatimin shiga. Wanda ya bi ta daji a kan babur ya tsira daga layin iyaka, amma a shinge na farko cikin ƙasa ba shi da abin da zai nuna, a nan ne kuma kuɗin da ya yi tattali a iyaka zai fita ninki-ba-ninki. Kowa ya ɗauki hoton takardunsa a waya, ya bar kwafi a gida wurin wanda ya iya karatu.

Mai tafiya da motarsa

Kashin bayan Nijar shi ne babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, Tsibiri, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, har Difa. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 650 ce. Gabas da Ƙonni kaɗan, a Tsarnawa, hanya ke rabuwa ta yi arewa zuwa Tawa da Agadas. Tuƙi a hannun dama ake yi, kamar yadda muke yi tun 1972, saboda haka direbanmu ba ya rikicewa. Sai dai alamomin hanya da Faransanci suke, kuma a mahaɗar da ba ta da alama, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya.

Mota mai lambar Nijeriya tana buƙatar takardar izinin shiga ta ɗan lokaci daga jami'an duwan, wadda suke kira lasefase, kuma tana da wa'adi. Wanda ya bari wa'adin ya wuce, motarsa ta zama kayan fasa-ƙwauri a idon hukuma. Akwai takardun mallakar mota, da lasisin tuƙi, da inshorar da ke aiki a ƙetare, wato katin nan mai ruwan ƙasa da ƙasashen yankin suka kafa a 1982. Mai mota ya tabbatar daga kamfanin inshorarsa cewa ƙasar da zai shiga tana cikin takardar. In motar aro ce, a samu rubutacciyar shaida daga mai ita. Akwai kuma shingayen biyan kuɗin hanya a bakin manyan garuruwa. A karɓi rasit, a adana shi, domin ana iya tambayarsa a gaba.

Shawararmu ga direbobi guda uku ce. Kada a yi tafiyar dare, domin amalanke ba ta da fitila, raƙumi da jaki ba su san hon ba, ɓarayin daji kuma sun san iyaka fiye da mu. Kada a ɗauki fasinja ko saƙon da ba a san cikinsa ba, domin abin da aka samu a mota na direba ne. In an tsayar da kai, kashe mota, ka yi sallama, ka miƙa takarda. Gardama da mai kaki a ƙasar da ba ka san kowa a ofishinsa ba asara ce tsantsa.

Mai shiga bas

A nan dole mu yaba wa maƙwabtanmu. Kamfanonin manyan bas irin su Rimbo da STM da Sonef da Al Izza suna da tashoshinsu na kansu, ana sayen tikiti da suna tun jajibiri, ana liƙa wa kaya lamba, kuma masu dogon zango da asuba suke tashi. Bas ba ta jiran cika kamar motar tashar Shinkafi. Lokaci take bi. Shi ya sa matafiya da yawa ke kwana a tasha. Kuma da lissafin awa 24 ake rubuta lokaci a tikiti: 05:00 ƙarfe biyar na asuba ne, 17:00 kuwa biyar na yamma. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa mutum ya yi asarar kuɗin motarsa.

Sai maganar kuɗi. Sefa ake kashewa, kuma a kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce. In mai tebur ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Darajar sefa a ɗaure take da yuro na Turai, shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi, tafiya Nijar take ƙara tsada a gare mu. A yi canji wurin sanannen mai canji, a raba kuɗi gida biyu, kuma in suna da yawa a tura ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana, a karɓa a garin da za a sauka. A cikin gari kuwa, da ɗan kabu-kabu da mai tasi, a yi ciniki kafin a hau. Lambar 'yan sanda a Nijar 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.

Masu wucewa Kwatano ko Lome ko Kumasi su sani cewa hanyar da aka saba tana iya sauyawa dare ɗaya. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, sai fasinjoji suka koma sauka daga bas su tsallaka kogin Kwara a kwalekwale, su hau wata motar a ɗaya gaɓar. Saboda haka a tambayi wanda ya dawo makon jiya, kada a dogara da wanda ya je bara.

Akwai hanyar da muke roƙon iyaye su hana 'ya'yansu, ita ce ta hamada daga Agadas zuwa Libiya ko daga Arlit zuwa Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, galibinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. Amma soke doka bai haƙa rijiya ko ɗaya a sahara ba, bai kuma rufe gidajen da ake tsare mutane a Libiya ana neman kuɗin fansa ba. Wanda ya gudo daga masu garkuwa a gida bai kamata ya kai kansa hannun wasu a ƙetare ba.

Jirgin ƙasa

Kakanninmu sun san jirgin ƙasa, domin layin dogo ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, daga nan gyaɗa da auduga da fatun wannan yanki suke tafiya kudu. A Nijar kuwa, an shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a 2016, amma bai zama hanyar fasinja ba. Fatarmu tana kan layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil aikinsa, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar fasinja a kansa, ɗan Sabon Birni da ke Maraɗi zai iya zuwa Kano ba tare da ya ratsa dajin da muka sani ba.

Inda mutanenmu suka fi haɗuwa da jirgin ƙasa na zamani shi ne Saudiyya. Tun 2010 akwai jirgin da ke jigila tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa a kwanakin aikin Hajji, mai tashoshi tara. Ba kowane alhaji ke hawansa ba, sai wanda aka tsara wa tawagarsa, kuma a lokacin da aka tsara. A 2018 aka buɗe jirgin Haramaini mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ke cinye kilomita 450 da ke tsakanin Makka da Madina cikin kimanin awa biyu da rabi, ta hanyar Jidda. Tafiyar da bas ke yi rabin yini ke nan. Amma tikitinsa da lambar fasfo ake saya, kujera da lamba take, ana rufe ƙofa kafin tashi, kuma ba ya ɗaukar tulin kaya. Mai umara da ya yi tsaraba buhu-buhu, bas ce tasa.

Jirgin sama da ƙasa mai tsarki

A da, alhazanmu ta ƙasa suke bi, ta Maiduguri da Fort Lami da Abeshe da Alfashir, su kai Bahar Maliya bayan watanni ko shekaru, wasu ma su zauna a Sudan, kamar jama'ar Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Yau daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato awoyi kaɗan ne zuwa Jidda ko Madina. Sauƙin ya zo da nasa sharuɗɗa.

Na farko, lokacin da aka rubuta a tikiti lokacin garin da jirgi zai tashi ne. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, haka ma Habasha, inda masu bin jirgin Addis Ababa ke sauya jirgi. Na biyu, kada a karɓi jakar kowa, kada kuma a bar wani ya auna kaya da sunanka. A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba a Madina saboda jakar ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta bayan gwamnati ta sa baki. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya kisa ne. Goro ma, da muke ɗauka abin alheri, an hana shiga da shi. Na uku, fasfo da kuɗi da magani su kasance a jikin mutum, magani kuma da takardar likita.

In an sauka, alhaji ya haddace lambar bas ɗinsa da sunan masaukinsa, ya rataya katinsa na Nusuk a wuya ko da yaushe, ya riƙe katin otal mai rubutun Larabci don nuna wa mai tasi. Tsofaffi kada su fita su kaɗai. A bi lokacin da aka tsara wa tawaga na zuwa jifa, domin turmutsitsin Mina na 24 ga Satumba, 2015 ya ci alhazan Nijeriya sama da 200, kuma jihar Sakkwato na cikin waɗanda suka fi jin raɗaɗinsa. Masu shiga da bizar ziyara su laɓe har lokacin Hajji kuwa, su dubi abin da ya faru a 2024: hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin zafin da ya haura digiri 50, kuma kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji. Rashin izini shi ne rashin bas, rashin tanti mai sanyi, da tafiyar ƙasa cikin rana.

Ga ɗalibanmu da ke karatu a ƙetare, darasin Sudan ya ishe su. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilu na 2023, a bas aka kwashe 'yan Nijeriya zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a bar su su wuce, sai a farkon Mayu rukunin farko ya sauka Abuja. A irin wannan rana, wanda sunansa ke cikin rajistar ofishin jakadanci, fasfonsa kuma na hannunsa, shi ake fara kira. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Yamai da Riyad, da ƙaramin ofishi a Jidda. A san inda suke tun ana zaune lafiya.

Abin da muke roƙon wannan ƙungiya

Ya ku 'yan'uwa, nasiha ba ta isa ba in babu tsari. Muna gabatar wa shugabanni shawarwari huɗu. Na ɗaya, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti na direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikatanmu da suka yi ritaya daga hukumar shige da fice da ta kwastan, wanda zai riƙa tattara sahihin labarin hanya da iyaka, yana sanar da jama'a ta masallatai da tashoshin mota. Na biyu, a naɗa wakili amintacce daga cikin 'yan asalin ƙasar nan a Maraɗi da Ƙonni da Yamai da Agadas da Makka, wanda za a kira in wani namu ya shiga hannu, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu. Na uku, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya don taimaka wa 'yan gudun hijirarmu su sami katin ɗan ƙasa da takardar haihuwar 'ya'yansu, domin yaron da aka haifa a can ba a rubuta shi ko'ina ba, gobe ba shi da ƙasar da zai nuna. Na huɗu, kafin tashin alhazai kowace shekara a shirya bita ta yini guda a Isa da Sabon Birni, a nuna wa tsofaffinmu tikiti da katin shiga jirgi da idonsu, a koya musu karanta lokaci da lamba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce tafiya mabuɗin ilimi. Mu 'ya'yan fatake ne da alhazan ƙafa, ba za mu daina tafiya ba, ba kuma muna kira a daina ba. Abin da muke nema shi ne duk wanda ya fita daga gidansa a Isa ko Gatawa ko Bafarawa ko Tsamaye, iyalinsa su san motar da ya hau, da garin da zai kwana, da wanda za su kira in sun ji shiru.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya buɗe hanyoyinmu, Ya mayar da 'yan'uwanmu gidajensu da gonakinsu, Ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, Ya kuma kai kowa gidansa lafiya.